Wa Ya Kawo Shi? Tsokaci a Kan Haƙƙin Yabo

   

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a gidajen kallon ƙwallo, tun daga nan Dinawa har Wurno da Achida da Rabah da Goronyo, kuma na tabbata haka abin yake a inda kuke. Gardamar wa ya ci wa takan mutu da busar alƙalin wasa. Wadda ba ta mutuwa ita ce ta ciniki: idan ƙungiya ta sayo ɗan wasa, ya zame mata alheri, wa ya cancanci a yaba wa? Wannan ya ce koci ne, domin shi ya san inda zai ajiye yaron a fili. Wancan ya ce mai ƙungiya ne, domin kuɗinsa ne aka zuba. Na uku ya ce ku bar zancen nan, ai ɗan wasan ne ya zura ƙwallayen da ƙafarsa. A tashi baram-baram, gobe a dawo a ɗora daga inda aka tsaya.

Wasu daga cikin 'yan uwana malamai za su ga ɓarnar tawada ce mai karantar da Ahalari da Ishmawi ya tsoma baki cikin irin wannan. Ni kuwa a ganina tambayar ta fi ƙarfin ƙwallo. Yabo shaida ne. Duk ranar da ka buɗe baki ka ce wane ne ya yi abu kaza, to ka ba da shaida, kuma shaidar nan ko dai ta mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa, ko ta ƙwace shi ta miƙa wa wani. Harshen da ya saba yanke hukunci ba bincike a gidan kallo, shi ne dai zai yanke hukunci gobe a kwamitin masallaci da taron dangi.

Bari mu ɗauki misalin da kowa ya sani, wato Ahmed Musa. An haife shi a Jos ranar 14 ga Oktoba, 1992, mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, mahaifiyarsa ta ci gaba da ɗawainiyarsa. Ya taso a makarantar koyon ƙwallo ta GBS da ke Jos, aka ba da shi aro ga ƙungiyar JUTH ta nan garin, inda ya yi kaka guda ba tare da sunansa ya yi wani amo ba. Daga nan aka sake ba da shi aro ga Kano Pillars a kakar 2009/2010. A wannan kakar, yana ɗan shekara 17, ya ci ƙwallo 18 a gasar Najeriya, ya karya tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990, Pillars kuma ta ƙare ta biyu a bayan Enyimba. Ku lura da kalmar aro. Masu Gida sun ci moriyar yaron, filin wasa na Sani Abacha ne ya nuna shi ga duniya, amma ba su suka rene shi ba.

A 2010 wata ƙaramar ƙungiya ta ƙasar Holan, VVV-Venlo, ta ɗauke shi. Sai da ya jira ranar da ya cika shekara 18 cif kafin ya fara buga mata, saboda dokar FIFA da ta hana ƙetarar da yara ƙanana. A Janairun 2012 CSKA ta birnin Mosko ta saye shi, kuma a can ne cinikin ya yi albarkar da ba mai musunta: ya ci gasar Rasha tare da su sau uku, a 2013 da 2014 da 2016. A tsakanin nan ya ɗauki kofin Afirka da Najeriya a 2013, ya kuma zura wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar kofin duniya ta 2014.

To, wa ya kawo shi? Mutumin Jos zai ce mu muka gan shi yana yaro, lokacin da ba wanda ya san sunansa. Bakano zai ce da bai sa rigarmu ba, da har yau yana can. Mutanen Venlo suna da tasu hujjar, kuma mai ƙarfi ce, domin wannan sana'arsu ce: su suka ɗauko Keisuke Honda daga Japan a 2008, suka sayar da shi ga CSKA ɗin nan a farkon 2010. Ashe hanyar da Ahmed Musa ya bi daga Venlo zuwa Mosko, wani ya riga ya share ta shekara biyu kafin shi. Su kuma 'yan Mosko za su ce su suka fitar da kuɗi mai nauyi a kan yaro ɗan shekara 19, kocinsu Leonid Slutsky ya yi haƙuri da shi har ya nuna. Kowane ɗaya daga cikinsu ya faɗi gaskiya, amma kowa ya faɗi tasa ya yi shiru a kan ta ɗan uwansa.

Sai kuma aka zo ciniki na gaba. A Yulin 2016 Leicester, wadda ta ɗauki gasar Firimiya ta Ingila watanni biyu kafin nan, ta saye shi a kan fam miliyan 16 da 'yan kai, kuɗin da ba ta taɓa biya wa wani ɗan wasa ba kafin ranar. Ya zura wa Barcelona ƙwallo biyu a wasan sada zumunci, aka yi ta murna. Da aka shiga gasa sosai, wasa 21 ya buga musu a Firimiya ya ci ƙwallo 2, kuma a Janairun 2018 suka mayar da shi Mosko aro. Ban taɓa jin ana jayayya a wani gidan kallo a kan wa ya kawo Ahmed Musa Leicester ba. Cinikin Mosko yana da iyaye da yawa, na Leicester kuwa maraya ne. Alhali yaron bai canza ba, domin watanni kaɗan bayan komawarsa Mosko ya zura wa Aisilan ƙwallo biyu a kofin duniya na 2018.

Wannan shirun shi ya tuna mini wata ƙa'ida da muke karantawa a babin ciniki. Asalinta hadisi ne na Nana A'isha (RA) da ma'abota Sunan suka ruwaito, kuma ma'anarta ita ce amfanin abu yana bin wanda asararsa za ta hau kansa. Alal misali, ka sayi sa na huɗa a kasuwar Achida, ka yi wa mutane huɗa da shi damina guda ka tara kuɗin ƙwadago, sai daga baya wani tsohon aibi da aka ɓoye maka ya bayyana, ka mayar da shi ga mai shi. Mai san ba shi da ikon cewa ka ba shi kuɗin huɗar. Dalili kuwa, da san ya mutu a hannunka cikin wannan damina, kai za ka yi asara, saboda haka abin da ya samar naka ne. Malaman fiƙihu sun gina hukunce-hukunce masu yawa a kan wannan.

Ni ina ganin ma'auni na farko na yabo ke nan. Duk wanda ya zo yana cewa shi ya kawo wane, a tambaye shi: da cinikin ya lalace, kai za a zarga? Kujerarka ce za ta girgiza, ko kuɗinka ne za su nutse? Idan amsar ita ce a'a, to rabonsa a cikin yabon kaɗan ne, kome ƙarfin muryarsa. Mun san irin waɗannan mutanen a kasuwa. Kana tsaye kana taya bijimi, wani ya wuce ya ce ai wannan ba laifi. Idan bijimin ya yi kyau bayan wata shida, zai bi gari yana cewa shi ya zaɓa maka. Idan ya rame ya mutu, zai ce shi dama bai so launin idonsa ba.

Amma wannan ma'auni shi kaɗai bai isa ba, domin akwai masu ɗaukar kasada a ɓoye, inda 'yan kallo ba sa gani. Labarin Mohamed Salah ya fi kowane fito da wannan. Liverpool ta saye shi daga Roma a Yunin 2017 a kan yuro miliyan 42, a kakarsa ta farko ya ci ƙwallo 32 a Firimiya, 44 a dukkan gasanni. Duniya ta ce Jurgen Klopp gwani ne. Abin da ya bayyana daga baya shi ne, Klopp ya fi karkata ga wani ɗan ƙasarsa, Julian Brandt na Leverkusen. Waɗanda suka nace a kan Salah su ne mutanen da ba a nuna fuskokinsu a talabijin: daraktan wasanni Michael Edwards, da masu farautar 'yan wasa irin su Dave Fallows da Barry Hunter, da sashen ƙididdiga ƙarƙashin Ian Graham, mutumin da ilimin kimiyya ya karanta har digirin digirgir, ba ƙwallo ba. Kuma nacewar tasu kasada ce ta gaske, domin Salah ya taɓa zuwa Ingila ya kasa: Chelsea ta saye shi a 2014, ya buga wasa 13 a Firimiya ya ci ƙwallo 2, aka tura shi Italiya. Wanda ya ce a zuba wannan kuɗi a kan mutumin da ya riga ya faɗi sau ɗaya a ƙasar, ya ɗora sunansa a kan sikeli.

Abin da ya burge ni a nan shi ne Klopp da bakinsa ya gaya wa 'yan jarida cewa mutanen nan ne suka dame shi da maganar Salah har ya yarda. Ba musulmi ba ne, amma wannan ɗabi'a tamu ce, mu aka koya wa ita. Littattafan sira sun kiyaye mana sunan Hubabu bn Munzir (RA) a matsayin wanda ya ba da shawarar wurin sauka a Badar, da sunan Salmanul Farisi (RA) a matsayin wanda ya kawo dabarar haƙa gwalalo. Shugaban da ya bar ra'ayinsa ya karɓi na ƙasa da shi yana da nasa rabon yabo, kuma rabon yana ƙaruwa idan ya fito ya faɗi mai shawarar. A gefe guda kuma ga Jose Mourinho, wanda a zamaninsa Salah ya zauna benci a Chelsea. Da Salah ya zama abin da ya zama, sai ya riƙa tuna wa mutane cewa shi ya sayo shi, ba shi ya sayar da shi ba. Maganarsa na da ƙamshin gaskiya, sai dai an jira rana ta fito kafin a faɗe ta.

Akwai kuma wani hannu a labarin Salah da ba na kowa ba. Ranar 1 ga Fabrairun 2012 aka yi turmutsitsin filin wasa na Port Said a Masar, mutum fiye da 70 suka rasu, Allah Ya jiƙan musulmin cikinsu. Aka soke gasar ƙasar. Saboda 'yan wasa na zaune ba aiki, aka shirya wa tawagar matasan Masar wasan sada zumunci da ƙungiyar Basel ta Suwizalan a watan Maris. Salah ya shigo bayan hutun rabin lokaci ya ci biyu, Basel ta riƙe shi. Wane darakta ne ya tsara wannan? Haka nan Steve Walsh, wanda aka yi ta yabo a Leicester saboda ɗauko Jamie Vardy a kan fam miliyan 1, da Riyad Mahrez a kan abin da bai kai rabin miliyan ba, da N'Golo Kante daga Caen ta Faransa. Everton ta ɗauke shi a 2016 domin ya maimaita mata abin, aka kashe kuɗi masu yawa, bai kai shekara biyu cikakku ba aka rabu. Idon dai shi ne, ilimin shi ne, dacewar ce ba ta zo ba. Shi ya sa nake jin tsoron duk mai cewa basirata ce ta kawo wannan. Alƙur'ani ya ba mu labarin wanda ya faɗi irin wannan a Suratul Ƙasas, wato Ƙaruna, da ya jingina dukiyarsa ga wani ilimi da yake da shi, kuma kun san ƙarshensa.

To amma kada wani ya fahimce ni a karkace. Cewa dacewa daga Allah take ba hujja ba ce ta share sunayen bayi. Akwai masu fakewa da wannan: idan an ce a yaba wa wane, sai su ce ai Allah ne Ya yi, alhali idan su ne suka yi aikin ba haka suke cewa ba. Hadisin Abu Huraira (RA) da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya haɗa godiya ga mutane da godiya ga Allah, ya nuna wanda ya rasa ta farko ya rasa ta biyu. Akwai kuma masu son zaman lafiya da kan ce kowa ya yi ƙoƙari, a raba daidai. Wannan ma ban gamsu da shi ba, kuma dalilina yana cikin wani hukunci da aka yanke ranar Badar.

Kafin in kawo shi, ina neman tsari da Allah daga daidaita jihadin sahabbai da wasan ƙwallo. Hanyar yanke hukuncin kawai nake so mu duba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdurrahman bn Auf (RA) cewa yana tsaye a sahu ranar Badar, shekara ta 2 bayan hijira, sai ya ga samari biyu na Ansar masu ƙarancin shekaru, ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa. Kowannensu ya taɓa shi a asirce yana tambayar ya nuna masa Abu Jahil, saboda ya ji yana zagin Manzon Allah (SAW). Da Abdurrahman ya hango shi yana kewayawa cikin mutane, sai ya nuna musu. Suka yi kansa da takubba suka sare shi, sannan suka zo wurin Annabi (SAW), kowa yana cewa shi ya kashe shi. Annabi (SAW) bai bi mai ƙarfin murya ba, bai kuma kore su da cewa ai duk Allah ne Ya yi ba. Tambayarsu ya yi ko sun goge takubbansu. Suka ce ba su goge ba. Ya duba takubban biyu, ya tabbatar wa kowannensu cewa yana da hannu a kisan, sannan ya ba da kayan yaƙin Abu Jahil ga ɗayansu, Mu'azu bn Amru bn Jamuh. Ɗayan shi ne Mu'azu bn Afra'u. Daga baya Abdullahi bn Mas'ud (RA) ya same shi da sauran numfashi ya ƙarasa shi.

Malamai sun yi bayani a kan dalilin fifita Ibn Jamuh. Wasu sun ce saransa ne ya fara kai shi ƙasa, kuma duba takubban domin gane hakan ne. Malamanmu na Malikiyya kuma suka kafa hujja da hadisin cewa irin wannan kaya shugaba ne ke da zaɓin wanda zai ba. Ko wanne aka ɗauka, abin lura shi ne an bincika kafin a yi magana, an ambaci kowa da abin da ya yi, kuma ba a ce rabon kowa ɗaya ba ne. Riwayar ta kiyaye sunan wanda ya nuna, da waɗanda suka sara, da wanda ya ƙarasa. Shekara fiye da 1,400, ba a cinye haƙƙin ko ɗaya ba.

Idan na duba takubba a cinikin Salah, mafi girman rabo a wurina na waɗanda suka gani ne lokacin da abin bai bayyana ba, suka kuma tsaya a kai har shugabansu ya sauka daga ra'ayinsa. Sai Klopp, saboda sa hannunsa da kuma wurin da ya ajiye shi a fili. Ƙwallayen kuwa na Salah ne, ba mai raba su da shi, amma cin ƙwallo daban, yanke shawarar ciniki daban, kuma a kan na biyun ake gardama. Sahihu Muslim ya kawo labarin mutumin da abin hawansa ya halaka, ya zo neman taimako wurin Annabi (SAW) bai samu ba, sai wani ya ce shi zai nuna masa wanda zai ɗauke shi. A nan ne Annabi (SAW) ya bayyana cewa mai nuni zuwa ga alheri yana da kwatankwacin ladan mai aikata shi. Mutumin nan bai ba da raƙumi ba, bai ba da dirhami ba, sanin inda abin yake kawai ya bayar, kuma aka lissafa masa.

A labarin Ahmed Musa kuwa, zuciyata ta fi karkata ga farkon sarƙar. Wanda ya sayi ɗan wasa yana da shekara 19, bayan ya ci ƙwallo 18 a gasar ƙasa guda ya kuma buga a Turai, ya yi kasada, amma kasada ce da fitila a hannu. Wanda ya tara yara 'yan shekara 12 a filin ƙura, ya saya musu ƙwallo, ya roƙi iyayensu, ya biya kuɗin mota zuwa wasa, shi ne ya yi ciniki a cikin duhu. Mafi yawan yaran da ya wahala a kansu ba za su kai ko'ina ba, kuma wannan asarar shi kaɗai ke ɗaukarta, ba jaridar da za ta rubuta. In dai amfani na bin mai ɗaukar asara, to ban ga yadda za a tsallake shi ba.

Abin mamaki, hukumar ƙwallo ta duniya ta gane wannan. Tun 2001 dokar FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, za a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗu na farko kowace tana da rubu'in kashi ɗaya, sauran takwas kowace tana da rabin kashi. Ku yi lissafi da kanku: a ciniki na fam miliyan 16 da dubu 600, kashi 5 ɗin ya kama fam 830,000, kuma rabon shekarun 12 zuwa 17 kaɗai ya haura fam 330,000. Sai dai akwai sharaɗi. Kuɗin na zuwa ne ga ƙungiyar da ke da rajista da hukumar ƙwallon ƙasarta, wadda sunanta ke cikin takardar tarihin yaron. Wanda ya horar da yaro shekara biyar a filin makarantar firamare ba tare da takarda ba, a idon doka bai taɓa ganinsa ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A garuruwanmu akwai samarin da ke tara yara da yamma suna koya musu, ba albashi ba godiya. Idan yaro ya yi fice, wani daga birni ya zo ya ɗauke shi da alƙawarin baki, shi ke nan an rufe babin. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Mun karanta ta, mun haddace ta, amma mukan ji kunyar neman takarda, sai mu ce ai akwai amana. Shawarata ga duk mai wannan hidima ita ce ya nemi rajista da hukumar ƙwallo ta jiha, ya rubuta sunan kowane yaro da shekarar da ya zo da sa hannun waliyyinsa. Ba kwaɗayi ba ne mutum ya kiyaye haƙƙinsa. Shi kansa Ahmed Musa, wanda ya dawo Pillars a 2021 da kuma 2024, an naɗa shi babban manajan ƙungiyar a 2025, wato wanda aka daɗe ana ciniki a kansa ya hau kujerar masu ciniki, kuma ba wanda ya fi shi sanin inda sarƙar take farawa.

Kada 'yan uwana na makarantun Islamiyya su yi dariya, domin mu ma muna da kasuwar 'yan wasanmu. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta fara a 1986, ta jawo alheri mai yawa, amma ta zo da wata ɗabi'a. Na san yarinyar da wani malamin zaure ya koya wa tun daga babbaƙu da farfaru, ya kai ta izu arba'in a cikin shekaru, yana karɓar abin da bai taka kara ya karya ba a ranar Laraba. Ana saura watanni musabaƙa, wata makaranta mai hali ta ɗauke ta, ta ba ta gurbin karatu kyauta. Yarinyar ta yi nasara. A wurin walima aka kira shugaban makarantar, aka kira mai gyara mata tajwidi na wata huɗu, aka kira wanda ya ba da motar zuwa. Malamin zauren yana cikin taron, a bayan rumfa, ba a ambace shi ba. Ban ce makarantar ba ta yi komai ba. Ta yi ido, ta kashe kuɗi, ta goge karatun, tana da nata saran. Laifinta shi ne ta karɓi yabon izu arba'in ɗin da ba ita ta dasa ba, ta kuma yi shiru.

Aya ta 188 a Suratu Ali Imrana ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu son a yabe su da abin da ba su aikata ba. Nana Asma'u 'yar Abubakar (RA) kuma ta ruwaito cewa wata mata ta tambayi Annabi (SAW) ko da laifi ta nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba, sai ya kamanta mai yin haka da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. Abin da ke ba ni tsoro a ayar shi ne ba ta tsaya ga mai faɗa da baki ba, son abin ta ambata. Mutum na iya zama a kujerar gaba bai ce uffan ba, ana zuba masa yabon wani, yana jin daɗi a ransa.

Mu mutanen wannan yanki ba mu da uzurin rashin abin koyi. Malam Abdullahi bn Fodiyo, da duk zurfin iliminsa, ya zauna ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusukh, domin lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowanne. Bai fara da manyan shehunan da suka ba shi ijaza ba. Ya fara da mahaifinsa, wanda ya koya masa Alƙur'ani, sannan yayansa Shehu Usmanu, wanda ya karɓe shi yana ɗan shekara 13. A makarantar da nake koyarwa, duk ɗalibin da zai yi sauka mukan ba shi takarda ya kai gida, a rubuto mana sunan duk wanda ya taɓa ɗora masa karatu tun daga allon farko, ko da kakarsa ce, ko da makarantar da muke gasa da ita ce. Ranar walima a karanta sunayen a lasifika bi da bi, namu ya zo a ƙarshe. Yakan ƙara wa taron kamar minti goma, kuma masu jiran abinci sukan yi gunaguni.

Wallahu a'alam. Allah Ya sa mu dace.